Inna, Na Daina Sa Kanwa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Idan kin tambaye mu, muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na san da kina kusa da tuni kin ce in taƙaita, kina da aiki a wuta. To, yau babu aikin da ke jiranki, sai ki yi haƙuri ki saurare ni har in kai ƙarshe.

Inna, kwanakin baya na je ƙaramin asibitin unguwarmu a Walia, aka ɗaura mini abin awo a dantse, aka ce ina da tansiyo. Hawan jini, irin naki. Ban ma kai shekarun da kika yi ba lokacin da aka gaya miki. Na dawo gida na rasa wanda zan fara gaya wa, sai ke da ba kya nan.

Tun ranar nake tuna gidanmu na unguwar Ambassatna.

Ina tuna Baba da maganarsa ta kullum, wai mu baƙi ne a N'Djamena, hutawa kawai iyayensa suka tsaya yi a kan hanyarsu ta Makka. Hutun da aka haife shi a cikinsa, ya yi aure, ya tara mu. Da farkon shekarun casa'in ya ɗaure jakarsa ya yi gabas ta Sudan, ya ce zai ƙarasa musu tafiyar. Da fari yakan aiko kaset ta hannun masu dawowa, mu zagaye rediyo muna jin muryarsa, ke kina can bakin murhu kina yi kamar ba ki damu ba. Daga baya kaset ya daina zuwa. Ba a ce ya rasu ba balle ki yi takaba ki huta, ba a kuma ce yana raye ba. Duk wanda ya sauka daga Saudiyya sai kin yafa mayafi kin je yi masa barka da zuwa, ki dawo ba wani labarin Baba.

Da ɗanwake kika riƙe mu. Mutanen unguwa da ba su san shi ba sai da kika koya musu cinsa, har masu shaguna daga unguwar Gardolé suna aiko kwano. Kowa ya ci a gidan nan, mu da baƙi da masu saye, amma ban taɓa ganin kin zauna da kwano a gabanki da safe ba. In an yi miki magana sai ki ce, "Ni turiri ya ƙosar da ni." Abincinki shi ne jan shayin nan na mutanen garin, mai kauri da sukari kamar zuma, ki kurɓa a tsaye ki koma bakin tukunya.

Ni 'yar fari ce, ba kya kiran sunana, ba kya wasa da ni. "Ke wannan" nake a wurinki. Amma ni nake tsefe miki kai, don haka ni na fara ganin gashinki yana biyo mataji. Ni na ga yadda kike tamke ɗankwali a goshi har ya bar shaida, saboda ciwon kai. Na sha ganin kin shiga ɗaki ɗauko abu, ki tsaya tsakar ɗakin kin manta me kika zo nema. Ba wanda ya kira wannan da sunan ciwo. Mata suka riƙa yaba ki, ana cewa ba a taɓa jin kanki ba.

Sai ƙwannafi. Kullum da la'asar za ki dafe ƙirji ki ce, "Ba komai, ƙwannafin nan ne." Akwai ƙaramin kofin silba da kike jiƙa kanwa a ciki. Ki tace, ki shanye, ki yi gyatsa, ki ce alhamdulillahi. Haka Innarki ta yi, haka duk matan da muka sani suke yi.

Ranar da jiri ya kayar da ke a kasuwa aka kai ki asibiti, likita ya yi magana da Faransanci. Mai fassara ya mayar miki da Larabci, ya ce ki bar mileh. Ke kuma kika mayar Hausa a ranki: gishiri. Wallahi Inna kin bi umarnin nan kamar farilla. Kika ware ƙaramar tukunya, ko ƙwayar gishiri ba ta shiga. Da miya ta yi lami sai ki ƙara dunƙule, ki ƙara kanwa don ta ɗan yi rai. Kofin silba kuwa yana nan inda yake. A Larabcin garin nan kanwa atron ce, ba mileh ba. A Hausa ma ba wanda zai aike ka sayen gishiri ka kawo kanwa. Maganar ta bi ta harshe uku kafin ta iso gare ki, kuma a cikin ukun babu inda aka ambaci kanwa.

Wata safiya kina jefa ɗanwake a ruwan zafi sai hannunki na dama ya ƙi ɗaguwa. Kika dube shi da mamaki. Daga nan ɓarin jikinki ya shanye, bakinki ya karkace. Kin yi damina guda a kwance kina bin mu da ido, akwai magana a bakinki amma ta ƙi fita. Ke da kika yi shekaru kina haɗiye magana da kanki, da kika so yin ta sai aka hana ki. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau.

Ban ce kanwa ce ta kashe ki ba, Inna. Kwana ne ya ƙare. Amma bari ki ji nawa.

Bayan rasuwarki na yi aure, muka tsallaka kogin Shari muka zauna a Walia. Maigidan direban babbar mota ne, hanyar Kamaru yake bi, kwanansa a hanya ya fi na gida. Mutumin kirki ne, sai dai in ya kira a waya, kafin in gama amsa gaisuwa layin ya yanke. Mun haifi mace, muka sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Maƙwabtana mutanen kudu ne, ba su taɓa ɓata mini ba. Muna gaisawa da Larabci, muna aron turmi. Amma damuwa ba ta faɗuwa da harshen aro. Sai in yini ban yi Hausa da babban mutum ba.

Shekarar da aka yi harbe-harbe a cikin gari, maigidan yana hanya. Ni kaɗai na ja hannun Ummi muka bi ayarin mutane muka haye gada zuwa Kusseri ta Kamaru. Mun dawo lafiya, gidan ma ba abin da ya same shi. Jikina ne bai yarda an dawo ba. Ƙofa ta buga da ƙarfi, zuciyata ta hau dukan ƙirji. Barci ya zama na ɓarawo. Al'adata ta rikice, wata ta zo sau biyu, wata ta ƙi zuwa. Abinci ya fita raina, na koma shayi. Yarinyar nan ta zubar da ruwa kaɗan, in ji kamar in kama da wuta.

Kin san me na yi? Na tamke ɗankwali a goshi. Da ƙwannafi ya zo, na jiƙa kanwa. Ba wanda ya koya mini, hannuna ne ya san hanya.

Matar da ta auna ni a asibiti ba ta yi gaggawa ba. Ta ce in lissafa mata duk abin da nake sa wa a tukunya. Na fara da alfahari, na ce ai ni gishiri kaɗan nake ci tun rasuwar mahaifiyata. Da na zo kan atron sai ta ɗago kai. Ta ce a wurin jiki kanwa da gishiri da dunƙule 'yan gida ɗaya ne, abin da ke hawar da jini a cikin gishiri yana nan a cikinsu. Ta ci gaba da bayani, ni kuwa na daina ji. Kofin silba nake gani. Na fito na zauna a benci ina hawaye, mata suna ba ni haƙuri, sun ɗauka sakamakona nake yi wa kuka.

Da na koma wurinta, na saurare ta da kyau. Ta ce damuwa ba a zuciya kawai take zama ba, tana sauka a jini da ciki da barci, har da al'adar mace. Damuwa ta hana ki ci, yunwa da shayi mai kauri su sa zuciya gudu, gudun zuciya ya ƙara miki tsoro, haka abin yake ta zagayawa. Ta ba ni magani, ta ce kada in yi wasa da shi, amma ta ce maganin yana bukatar taimakon tukunyata. Ta kuma ce in nemi wanda zan riƙa yi wa magana.

To Inna, zo ki ga abin dariya. 'Yarki yanzu zama take yi da safe, ta miƙe ƙafa, ta sha kunun gero da ƙosai ko ta ci wake kafin ta taɓa tsintsiya. Ranar farko sai da na riƙa waige, kamar za ki leƙo ki ce wace irin lalaciya ce wannan. Shayi sau ɗaya, tsararo. Da rana karkanji nake sha, zoɓonmu ke nan, ba na cika masa sukari. Wake tun jiya nake jiƙa shi, tunda babu kanwar da za ta lallashe shi. Busasshen kifi mai gishiri na bar shi, ga ɗanye masunta suna fitowa da shi daga kogi. Miya kuwa citta da tafarnuwa da albasa da daddawa suke riƙe ta.

Ashe Walia da nake raina wa tana da abin da nake bukata. Da yamma nakan taka zuwa lambunan bakin ruwa in sayo zogale da rama da lalo, in aka yi sa'a har da gwanda. Akwai wata dattijuwa mai lambu da nake zama a gefen kwandonta. Larabcinta a karye, nawa ma ba a miƙe yake ba, amma na gaya mata labarin Baba, ta gaya mini na ɗanta da ya tafi soja bai dawo ba. Ba mu magance wa juna komai ba. Na dai lura ranar da na je wurinta kaina ba ya sarawa.

Da na koma awo an ce jinin ya sauka kaɗan. Barci ya fara dawowa. Ummi ta daina leƙen fuskata kafin ta yi mini magana.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune a gidanmu na Ambassatna, ta zo ta ɗanɗana miyar kuɓewata, ta ajiye cokali ta ce, "Wannan ai wankin tukunya ne." Ta ce ni da na fito daga cikin mai ɗanwake na koma cin abincin nasara. Na yi dariya a gabanta. Bayan ta tafi ban yi dariya ba, domin gaskiya ta faɗa.

Abin da na kasa gaya wa kowa ke nan, Inna. Kayanki an raba. Hotonki ɗaya ne, na jikin katin shaida, kin ɗaure fuska kamar mai jiran faɗa. Muryarki ta fara ɓace mini. Abin da ya rage mini naki shi ne ɗanɗanon hannunki. Duk ranar da kewa ta ishe ni, in na kaɗa miyar kuka yadda kike yi, ko na jefa ɗanwake, loma ɗaya sai in ji kin shigo gidan. Ba ni da wata hanyar ziyartar ki da ta fi wannan. Yanzu an ce in ina son in ga girman 'yata, in rufe hanyar.

Na kwashe kanwar da ke gidan na ba maƙwabciya mai awaki. Ranar ji na yi kamar an sake fita da ke. Har yanzu akwai yammacin da nake tsayawa gaban mai kanwa a kasuwa, in ɗauki gutsure in juya, in ajiye. Ina kewarki, Inna. Gidan nan shiru, kuma abincin cikinsa ba ya kama da na kowa da na sani.

Amma na tuna ina da shekarun budurci na koma wanke ki ina juya ki a shimfiɗa. Ummi ba ta kai ko nan ba. Ba na son ta koyi tsefe kai a kan gashin da ke zubewa. Ba na son a yabe ni da haƙuri a gidan makoki. Ki yafe mini, a wannan kam ba zan gaje ki ba.

Hutun makaranta da ya wuce na kai ta wurin Gwaggo ta yi mako. Na san can za ta ci irin naki na asali, har ina fargabar ta dawo ta raina nawa. Ranar da ta dawo na zuba mata tuwo da miyar zogale, wadda ni kaina har yau daurewa nake yi in ci. Ta cinye, ta suɗe kwano, ta ce, "Mama, miyarsu cizon harshe take yi. Na yi kewar ta gidanmu."

Na tashi na shiga ɗaki don kada ta ga idona. Miyar da nake ci ina jin maraici, ita ce miyar uwa a wurinta.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya sa wahalar da kika sha a kanmu ta zama sanadin hutunki. Baba, in yana raye Allah ya kare shi, in ya riga mu Allah ya haɗa ku cikin rahama. Matan da ke fama su kaɗai a bayan ƙofofinsu, Allah ya ba su lafiya da mai saurarensu. Ni kuma ya ara mini kwana in raini mai sunanki har ta tsaya da ƙafarta. Amin.

Wassalam,
'Yarki,
Azumi
Walia, N'Djamena