Muryar da Ke Bayan Fatalwa

Litinin, 3 ga Maris
Gida na goma sha ɗaya a shirinmu na gidajen fatalwa. Shekara biyu ina haɗa sautin shirin nan, ban taɓa jin fatalwa ko tari ta yi ba. Ni nake buga ƙofa da ƙafa, darakta ya sa kiɗan tsoro.

Yau gidan wani tela ne. Wai fatalwa ke dukan matarsa. Ya ja hannun rigarta ya nuna wa kyamara, duk shatin bulala, ga leɓe a fashe. Darakta sai murna yake kamar an yi masa haihuwa. Ita ko kanta ba ta ɗaga ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na manta ƙaramar rikodata a ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Darakta ya zage ni tas. Na je na ɗauko.

Alhamis, 6 ga Maris
Ashe a kunne na bar ta. Ta ɗauki awa shida bayan tafiyarmu.
Ƙarar keke, sai shiru. Sai tas! Na san mari, sau ɗari na ƙirƙire shi da tafin hannuna, wannan ba na ƙirƙira ba ne. Kanta ya bugu da bango. Wayar dutsen guga tana tsaga iska. Tana cewa, "Don Allah maigida, yi haƙuri." Shi kuma ƙasa-ƙasa: "Gobe in suka dawo, ki sake kallon mai kyamarar nan ki gani."
Na cire abin sauraron daga kunnena, na je bayi na yi amai.

Asabar, 8 ga Maris
Na kunna wa darakta. Ya ce, "Kai, wannan ai zinariya ce! Yanke muryar mijin, bar ihun." Na ce yallaɓai, kashe ta zai yi. Ya ce mu ba 'yan sanda ba ne.
Gaskiyarsa. Ina ruwana da auren mutane? Daƙiƙa huɗu ce kawai zan goge.

Talata, 11 ga Maris
Mun koma ɗaukar ƙarshe. Hannunta na hagu a ɗaure. Tela yana faɗa wa kyamara fatalwa ce ta jefo ta daga matakala. Gidan ko matakala ɗaya babu. Na ji kamar in soka masa almakashinsa a wuya, amma sandar makirufo na ci gaba da riƙewa, matsoracin banza.

Juma'a, 14 ga Maris
An saka shirin.

Lahadi, 16 ga Maris
Tela ya same ni a ƙofar ofis, ya fasa mini hanci da kwaɗon shagonsa, haƙori ɗaya ya tafi. Masu gadi uku suka danne shi yana ihu wai na kashe masa aure. Ashe yayyenta sun kalli shirin, sun gane muryarsa, jiya suka ɓalle ƙofar suka tafi da ita.

Darakta ya ce in kwashe kayana. Ya tambaye ni yadda aka yi daƙiƙa huɗun nan suka fita, har da ƙarin ƙara. Na ce mantuwa ce, yallaɓai, ka san halina.
Hancin na zafi. Abinci dai na ci sosai.