Ni Ce Na Ɗinka Ta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ciwon baya na zaman keken ɗinki, amma kar Inna ta ji.

Albishirinki. A ajin Turanci an koya mana yadda Turawa suke raba jimla gida biyu don jaddada wanda ya yi abu, aikin da “ce” kaɗai ke yi mana. Washegari mai shagonmu, wadda ba ta jin Hausa, ta ɗaga rigar amarya tana yabon abokiyar aikina. Na miƙe, na ce da Turanci, “Ni ce na ɗinka ta.”

Ta gane, Yaya. Yanzu ɗinkin amare duk nawa ne.

A turo min hoton auta. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki, wadda ta daina shiru.