Awon da Na Yi da Rularka

Malali, Kaduna.

Zuwa ga maigidana, Baban Ishaku,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Na so in tambaye ka ya gajiya, sai na tuna kai ka huta, ni aka bar wa ita. Shekara huɗu ke nan kana kwance a gida gindin ɗorawar nan, ba ciwon baya, ba mai tashinka don ƙafar kujerarsa ta karye. Ni kuwa gwiwoyina sun yi yaji, ƙafafuna sun kumbura har takalmin zuwa majami'a ya ƙi ni. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Na ce masa ai ba sai da ya sa min roba a ƙirji ba, da ya tambaye ni.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san a ajin mata na koye shi, kuma rabin lokacin surutu muka yi.

Ɗanka Ishaku an ƙara masa girma a ofis, ya ce zai sayi mota. Doguwar nan mai ƙofa a baya da suke ce wa wagon, don ta ɗauke shi da Rahila da jikokinka biyar da tsohuwar da ka bar masa gado. Biyu ne a gabansa. Ɗaya sabuwa fil, ja, ƙasa-ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera, an ce tana gudu har mutum ya manta addu'a. Amma sai an rubuta suna an jira, wai sai bayan damina mai zuwa, wataƙila ma gaba. Ɗayar ta hannu ce, ruwan toka, ta wani Alhaji Garba a Kawo da ya ajiye aikin gwamnati. Ita ko gobe ma a ɗauka. Aibinta ɗaya, sitiyarinta a dama yake, irin na da, kafin a juya hannun tuƙi.

Wata guda gidan nan ba a maganar komai sai wannan. A kan tuwo, a kan shayi, har a hanyar majami'a. Ishaku yana son jar. Rahila ta ce duk wadda ba za ta tsaya da ita a hanyar makarantar da take koyarwa ba, ita ce tata. Ni ba wanda ya tambaye ni. Na ji daɗin haka, don wanda ba a tambaya ba shi ne ke da lokacin yin awo.

Ka tuna yadda ka tafi gida? Ba za ka tuna ba, kana ciki. Ni ina waje. Motar kaya muka samu mai bodin katako, aka sa akwatinka tsakanin buhunan gishiri da kwanon rufin wani, da akuyoyi biyu. Muna wuce Kujama ruwa ya kece. Tamfol ɗin duk huji, na cire mayafina na rufe ka, kamar zai yi wani abu. Kafin Kachia mota ta kafe a laka, aka ce a sauke kaya a tura. Aka sauke ka a bakin hanya tare da gishirin. Kai da ka shekara talatin kana yi wa mutane akwati mai santsi, kana goge shi kamar za a ci abinci a kai. Sai washegari muka isa, waɗanda suka taru sun watse. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma har yau in aka yi ruwa da rana ina jin warin akuyoyin nan.

Ba na tsoron tafiyar, Baban Ishaku. Motar nake tsoro. Ina so a kai ni gida kusa da kai, a rufe, a bushe, ɗana yana tuƙi.

To sai na buɗe akwatin kayan aikinka na ɗauko rularka ta katako mai naɗewa. Awona kuwa na san shi tun ranar da ka auna ni za ka yi mana gado, ka ce, “Saratu, ke ba ki da tsada, katako kaɗan ya ishe ki.” Na ƙara abin da kake ƙara wa kowa, yatsu huɗu a kai, huɗu a ƙafa, don ka ce tafiyar da nisa, kada mutum ya ji matsi.

Ranar Asabar wani abokin aikin Ishaku ya kawo irin jar don a gani. Maza suka duƙa a kan injin suna kaɗa kai kamar sun san abin da suke kallo. Na zaga baya, na ce ina duba ko kwandon doya zai shiga. An kwantar da kujera, na auna. Ta gaza da taƙi guda, ga rufin ya sauko a baya don ado. Sai dai a bar ƙofa a buɗe, ƙafafuna a waje suna gaida mutanen Kachia.

Ranar Litinin na ce a tafi da ni Kawo in sha iska. Nan ma suka buɗe gaba, Ishaku da Alhaji da makanike. Na auna ta tokar, ta isa har da saura. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma kai ne ka ɓata ni da cewa rula tana faɗin gaskiya, sai dai jiki ne alƙali. Na duba ba mai kallona, na tattare zane na hau, na miƙe, na ɗora hannuwa a ƙirji.

Ka ga laifin gajiya. Wurin da inuwa, da ɗan sanyi, ba yaro mai kiran Kaka. Idona ya rufe. Ban san ko minti nawa ba, sai na ji inuwar mutum a kaina.

“Mama, mene ne haka?”

“Katifa nake gwadawa.”

Ishaku ya dubi rular, ya dubi hannuwana. Ɗan kafinta ne, ba sai an yi masa bayani ba. Alhaji ya zagayo, ya tsaya. Can ya ce, “Mama, Allah ya sa a daɗe ba a yi wannan tafiyar ba. Amma ita ta kai mahaifiyata Zariya, muna zaune a gefenta, ko girgiza ba ta yi ba.” Na ce masa na gode, ya miƙo min hannun rigarsa na kama na sauko.

Ishaku bai yi min magana ba har gida. Kwana uku daga ina kwana sai sai da safe. Rahila ta ce min ba ya cin abinci sosai. Ta ce, “Mama, ke ma dai. Da kin bari ya yi murnarsa ta ƙare.” Gaskiya ta faɗa. Na tuna motar katakon da ka sassaƙa masa yana ƙarami, ya hana kowa sakat sai da ka nemo jan fenti. Tun lokacin yake jiran jar motarsa, ni kuma na je na kwantar masa da gawa a ciki tun bai saya ba. Na yi niyyar in ce masa ya sayi abin da ransa ke so, motar kaya ma ai ta kai ka. Na buɗe baki sau biyu, maganar ta ƙi fita, don ƙarya ce.

Jiya Alhamis da la'asar ina tsince shinkafa na ji ƙaho a ƙofar gida. Ta tokar ce. Yara suka cika ta kafin ta gama tsayawa. Na lallaɓa na nufi baya in sake duba wurina, Ishaku ya tare ni.

“Ba nan ba, Mama. Nan na doya ne.”

Ya buɗe min ƙofar gaba ta hagu, ya zaunar da ni, ya zaga ya shiga. Ya ce, “Kin ga inda sitiyarin yake. In muna bayan babbar mota, ni ba na ganin abin da ke zuwa, sai wanda ke zaune a nan. Rahila tsoro take ji, rufe ido take yi. Ke kika zaɓi motar, ke za ki yi aikin. In kin ce tafi, in tafi. In kin ce tsaya, in tsaya.”

Na ce, “Tsohuwa mai ciwon zuciya ka ɗauka aiki?”

Ya ce, “Idonki da ya ga taƙi guda a bayan motar mutane ai lafiyarsa lau.” Bai dube ni ba, yana ta goge gilashin da ba ƙura. Can ya ce, a hankali, “Waccan tafiyar na ji. Ni zan tuƙa. Kada ki sake auna komai.” Ya miƙo hannu, na ba shi rularka. Ya sa ta a aljihun motar ya rufe.

Don haka gobe Asabar muna tafe. Zan zo maka a zaune, a gaba, ina ba da umarni, abin da ban samu ba duk zamanmu. Za mu share maka ciyawa, in nuna wa ɗanka inda nake so, a hannunka na hagu, don a dama kake minshari. Sannan mu juyo, saboda ba mai duba masa hanya in na zauna can wurinka.

Na gaji, Baban Ishaku, ba zan ɓoye maka ba. Na so a ce hutu ya matso. Amma an ba ni aiki, kuma ka san ban taɓa barin tukunya a wuta na tafi ba. Ka ƙara haƙuri kaɗan, ka matsa min wuri.

Ubangiji ya ci gaba da riƙe ka cikin salamarsa. Ya tsare mana hanya, ya ba idona haske gwargwadon kwanakin da ya rage min, ya kuma sa ranar da za a kwantar da kujerar baya a yi ta ba ruwa. Amin.

Ni ce taka mai arhar katako,
Saratu