Kun Ɓoye Sunan 'Yata, Kun Bar Kamanninta

Zuwa ga Malama Farfesa, shugabar masu bincike kan halin da mata suke ciki a wuraren aiki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki.

Ranki ya daɗe, a yi haƙuri da rubutuna. Sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Gwiwa, har yau da yatsa nake bin layi. Sau biyu na aika miki takarda ta hannun direba, ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa. Na san wasiƙar nan ma tana nuna 'yata. To, a wurin aikinta babu sauran abin ɓoyewa.

Na ɗaya. Bayan babbar salla ɗalibanki biyu suka zo, mace da namiji, masu ladabi. Suka nemi 'yata ta fari, wadda take gyaran famfon sola a wani kamfani. Ita kaɗai ce mace a cikinsu, tana hawa tankunan ruwa daga Gwiwa zuwa Roni har ƙauyukan Babura. Suka ce suna so su ji yadda ake zama da ita a cikin maza. Ta ƙi. Ni na karɓi takardar yarda ta Hausa, na karanta ta tun daga azahar har la'asar, na ga inda aka rubuta cewa za a sakaya suna, ba wanda zai gane mai magana. Ni na ce mata ta faɗi gaskiya, masu ilimi ba sa saɓa rubutunsu. Wannan nauyin yana wuyana.

Na biyu. Ta faɗa musu abin da ko mahaifinta bai sani ba. Ba zan maimaita duka ba. Akwai maganganun da shugabansu yake yi mata in sun fita daji, akwai kuma ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu kafin a hau tanki, wadda ake ba kowa ban da ita, wai ba a ɗinka ta don mata ba.

Na uku. Da kaka ta yi, kuka aika wa kamfanonin da kuka ziyarta taƙaitaccen rahoto, wai su duba kafin a buga. Gaskiya ne babu sunanta, kun sa mata Ladi. Amma kun rubuta cewa budurwa ce mai gyaran sola, uwarta Babarbariya, tana aiki a ƙananan hukumomin da suke kusa da iyakar Nijar. Malama, su nawa ne haka? Wataƙila a birni suna shi ne mutum. A nan ba haka ba ne. Ni da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, don 'yar fari ce, kunya ta hana. "Yarinyar nan" nake cewa, kuma ko mai tallan ƙosai ya san wadda nake nufi. Da an tambayi kowace tsohuwa a unguwarmu, da ta gaya muku cire suna ba ya rufe kowa.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni sukuni. Ba a kore ta ba. Shugaban nasu ya tara su, ya karanta wurin a gabanta, ya fassara musu, bai ko kalle ta ba. Tun ranar suke kiranta Ladi. Da can in za ta hau, mutum biyu ne suke riƙe mata tsani. Makon jiya a wani ƙauye bayan Kanya Babba tana sama ta leƙo, ta ga ba kowa a gindin tsanin, sun tafi shan fura. Wata mata da ta zo ɗiban ruwa ce ta ajiye bokitinta ta riƙe mata har ta sauko. Ba ta gaya mini ba, a bakin ƙawarta na ji. Ban ce wani yana nufinta da sharri ba, Allah ne masani. Amma tsani bai san niyya ba. Yanzu duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidanmu da rana, sai na fita da gudu in ji ko mugun labarinta aka kawo.

Ba na gaba da aikinku. Na yarda don a gyara wa mata kuka yi shi. Sai dai ku kun koma jami'a, ita kuma da su take fita kullum.

Ga roƙona. A dakatar da buga littafin har a cire duk abin da yake kwatanta ta, da na sauran matan, don na ji akwai mai tuƙa motar asibiti a ciki, ita ma ba ta da ta biyu. Taron da aka ce za ku yi a Kazaure ku gabatar da sakamako gaban shugabannin ma'aikatu, kada a karanta maganarta a can. Kuma ki zo da kanki, ko ki turo babba, a zauna da masu kamfanin, su san akwai idon da yake kanta, a ba ta ɗamarar nan.

Idan babu wanda zai yiwu, don Allah ki sanar da ni da wuri. Zan hana ta aikin da bakina. Shekara uku ta yi tana koyonsa, tana son sa, kuma na san za ta daɗe ba ta yafe mini ba. Na gwammace ta yi fushi da ni tana tafiya da ƙafafunta.

Allah ya ƙara miki ilimi mai amfani, ya tsare miki naki 'ya'yan a duk inda suke neman abincinsu.

Wassalam.

Mahaifiyar yarinyar,
daga Gwiwa.