Makin da Na Ba Hafsatu

Daren Talata, Agege

Yau na gane na cuci Hafsatu. Watan jiya mamanta ta kawo mini takardar likita, wadda malamar aji ke cikewa don a auna tsananin rashin tattara hankalin yaro. Da na zo kan tambayar ko tana saurare in ana mata magana, sai na tuna yadda take sunkuyar da kai, na ce ai wannan tarbiyya ce. Na rubuta babu matsala. Likita ya ga tawa ta saɓa da wadda mamanta ta cike, ya ce a dakata da maganar magani.

Ɗazu na gama yi mata bayanin lissafi, na ce ta maimaita. Ta ce, "Anti, tun da motar danfo ta yi hon a titi ban ƙara jin ki ba. Kullum haka nake."

Na gaya wa mamanta. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malama, babanta ya ce ni ke nema wa yarinya ciwo, tunda mai ilimi ta ce lafiyarta lau."

Na roƙe ta ta karɓo mini wata takardar. Ta ce sai in baban Hafsatu ya yarda.