Garmahon Marigayi: Mai Bel Ko Marar Bel?

Wannan saƙo daga wata mahaifiyarmu ne a Kazaure, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce ke riƙe da wayar, ina faɗa tana rubutawa, na kuma ce mata ko na yi kuka kada ta tsaya.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa. Yana saurayi ya yi amshi a bayan wani mawaƙi na ƙasar Roni, har aka kai su Kano aka ɗauki waƙarsu a faifai, kafin ya bar waƙa ya koma awon hatsi a kasuwa. Faifan nan guda ɗaya tal ya rage. A waƙa ta biyu akwai inda mawaƙin ya yi shiru, sauran 'yan amshi suka yi ƙasa, muryar Malam ta fito ita kaɗai. Yana raye in an zo wurin sai ya yi dariya ya ce min, ji ɗan yaro. Wannan gaɓar ce ta rage min a duniya.

Garmahon da ya bari mai bel ne, wato wata siririyar roba ce ke ɗauko juyi daga inji ta kai wa farantin da ake ɗora faifai. Shi ya san kan abinsa, in ya je Kano yakan sayo bel ya ajiye a gwangwani. Da na fita takaba na ce a kunna min, faranti ya ƙi motsi. Ana ɗaga farantin aka tarar bel ya narke, baƙi ƙirin kamar kwalta, yana danƙo yana wari, na gwangwanin ma haka. Kun san bazarar garinmu, duwatsu su sha rana su amayo mana ita cikin ɗaki.

Autana ya ɗauka ya kai wa wani mai gyaran rediyo. Ashe bawan Allahn nan robar cikin tayar babur ya yanko, ya haɗa bakinta da gam ya ɗaura, wai roba ai roba ce. Aka dawo da shi ana murna aka kunna. Wallahi faifan yana ja yana rangaji, da aka zo kan Malam sai na ji gurnani kamar na bijimin sa in an kayar da shi za a yanka. Tir! Kafin in ce a kashe, matar autan ta ɗauka a waya ta tura zauren dangi. Yanzu jikoki sun mai da shi abin wasa, in sun taru sai wani ya kumbura wuya ya ja murya, su ce ga waƙar Kaka. Na san jika abokin wasan kaka ne, amma ai da mai rai ake wasa.

Da ɗan farina ya ji, sai ya taso daga Kano da wani abokinsa mai saka kiɗa a gidajen biki, ɗauke da garmaho marar bel, wanda injinsa ke ƙarƙashin faranti yana juya shi kai tsaye. Gaskiya ɗaya ce, da ya kunna muryar Malam ta fito tsaf yadda na san ta, har na rufe fuska da mayafi ina hawaye. Sai mutumin nan, da hannun da ya gama cin dambu bai wanke ba, ya dafa faifan yana ja gaba yana ja baya, wai yana nuna min ƙarfin inji, yana cewa Mama kin gani, ko an riƙe shi ba ya gajiya. Muryar mijina tana haushi a ƙarƙashin yatsunsa, ga maiƙo shatar yatsa biyar a jikin faifai. Na ce ya kwashe tarkacensa ya bar min gida. Tun ranar akwai wani ƙas da faifan ke yi dab da inda Malam ke shigowa, da babu shi.

To yanzu yaran nan biyu ko gaisawa ba sa yi, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya ɓata faifan babansu. Babban ya dage zai sayo min marar bel, ya ce babu robar da za ta narke balle a koma wurin mai tayar babur. Autan ya ce wannan kayan 'yan biki ne, yana da wani abu a gefe da ake turawa sama da ƙasa murya ta canza, kuma in ya ƙone daga nan har Babura babu mai iya taɓa shi, gara a aiko da bel na asali a gyara na Malam. Babban ya ce bazara mai zuwa ma haka zai narke. Suna ta yi a kaina, babu wanda ya tambaye ni wa zai riƙa kunnawa.

Ni ce zan riƙa kunnawa. Idona ya yi yana, ban iya karanta lamba ba. Abin da nake so, in taɓa abu ɗaya ya juya daidai, kuma kada hannun kowa ya ƙara sauka a kan faifan nan sai nawa. Masu sani a cikinku, bel na asali yana jure zafi irin namu, kuma tsohuwa za ta iya sa shi da kanta? Marar bel ɗin, akwai wanda ba shi da abin turawar nan, ko ana iya ɗaure shi wuri ɗaya? Kada ku ce min a tura a waya, kun ji abin da waya ta jawo min.

Babbar Sallah duk za su taru a gidan nan. Ku faɗa min wanne zan karɓa kafin lokacin, in zaunar da jikokin nan a tabarma in sa musu da hannuna, su ji ko sau ɗaya yadda muryar kakansu take, kafin ni ma in bi shi a rasa mai cewa ba haka take ba.