Igiyar da Babanku Ke Ja da Haƙori

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nemanku. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Yayarka ta sauka lafiya, jaririn kuwa kunnuwan kakansa ya kwaso kaf, Allah Ya raya.

Na ji saƙonka cewa lallai Babanku ya bar kasuwar kaji ya zauna a gida. Na san tsoro ne ya sa ka faɗi haka, ni ma na tsorata ƙwarai. Zazzaɓi da gudawa suka kayar da shi, mutumin da ke ɗaukar keji biyu ya koma sai na riƙe shi yake tashi. Da aka yi gwaji, likita ta ce ƙwayar cuta ce ta kashin kaji, kuma ta baki ta shiga. Babanku ya ce atafau, shi da ba ya kai loma baki sai ya wanke hannu? Sai ta ce ya nuna mata yadda yake ɗaure kaza. Bawan Allah ya dunƙule gyalena, ya danƙe shi kamar ƙafafun kaza, ya zagaye shi da igiyar jakata, ya kai bakin igiyar bakinsa ya ja ƙulli da haƙori. Likita ta yi dariya, ni kuwa na riƙe haɓa, don igiyoyinsa a ƙasan keji suke kwana. Sabo turken wawa, amma ban faɗa a gabansa ba.

Yanzu ya warke sarai. Na ɗinka masa takunkumi don ya shiga tsakanin haƙoransa da igiya, igiyoyin kuma sun koma kan ƙusa, ga bokiti da sabulu a gefen rumfa. Ranar farko, in ji maƙwabcinsa mai figar kaji, sai ya riƙa mantawa yana cusa igiya a ƙyallen takunkumin yana tsaki. Abokan sana'a suka yi ta yi masa dariya, daga baya masu yawan kukan ciki a cikinsu suka aiko in ɗinka musu.

Don Allah, Auta, kada ka raba shi da kasuwar nan. Da yana jinya, a bakin ƙofa yake wuni, zakaran maƙwabta na cara yana gaya mini watanninsa, idonsa cike da ƙwalla. In ka zaunar da shi, zaman ne zai kwantar da shi, ba ƙwayar cuta ba.

Ka gaishe da surukata da 'yar lelena. Kawunka da gwaggonka suna gaishe ku. Babanku ya ce zakaran da ya ware maka yana nan yana ƙiba, ka zo ka ga yadda zai ɗaure shi da hannu zalla. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Innarka